Amsa ga Hajiya mai tambaya kan ɗaukar CTO na ɗan lokaci

Salam. Hajiya na ga tambayarki tun jiya da daddare, na so in amsa a lokacin sai na ga maganar ba ta layi biyu ba ce, shi ya sa na bari sai yanzu da na samu zama. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ta yi tana sayar da atamfa da shadda da leshi daga Kantin Kwari, tana tura wa mutane Abuja da Kaduna da Legas duk ta WhatsApp da Instagram, yanzu 'yan uwa sun haɗa mata ɗan jari tana so a yi mata manhaja da sauran 'yan kasuwa ma za su riƙa sa kayansu, sai wani babban injiniya da ke aiki a wani kamfanin biyan kuɗi a Legas ya ce zai zama mata CTO, wato shugaban ɓangaren fasaha, na awa goma a sati, a riƙa biyansa duk wata kuma a ba shi kashi 10 na kamfanin. Ta karɓa ko ta nemi wanda zai zauna mata gaba ɗaya?

Ni na bi wannan hanyar, kuma na sha wuya kafin in gane ta. A 2021 ni da wani abokina muka fara manhajar rubuta bashi da lissafin kaya don masu shaguna, yawancin kwastomominmu 'yan Kasuwar Singa ne. Cikinmu babu wanda ya iya rubuta kod, wato rubutun kwamfuta da ake gina manhaja da shi, ni ɗan kasuwa ne shi kuma akanta. Muka ba wani yaro kwangila, yaro mai ƙoƙari wallahi, ya haɗa mana abu yana aiki muna ta murna. Abin da ba mu sani ba, komai da sunansa ya buɗe, domen ɗin wato adireshinmu na intanet, akawun ɗin AWS inda muke hayar saba wato kwamfutar da ke riƙe da manhajar da bayananta, GitHub inda kod ɗin yake, har akawun ɗin Play Store da imel ɗinsa ne. Ranar da muka samu saɓani kan kuɗin wani gyara ya daina ɗaga waya, sai muka wayi gari muna da kamfani a takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, amma ba mu da makullin ko ɗaki ɗaya a cikinsa. Sai da manya suka shiga tsakani. Har yau ban ce mugu ba ne, mu ne ba mu san abin da za mu tambaya ba tun farko.

Bayan wannan ne wani ya haɗa mu da wani bawan Allah da ya daɗe a harkar, yana da aikinsa na kullum a wani wuri, muka yi da shi zai ba mu yammacin Talata da wunin Asabar. Satin farko ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, don ni jira nake in ga ya buɗe laftof yana rubutu, shi kuwa sai tambayoyi. Wa ke riƙe da kalmar sirrin kaza, ina kwafin ajiya na bayanan kwastomomi, kun taɓa gwada dawo da shi kun ga yana aiki, in wayar mai shago ta faɗa ruwa bashin da ya rubuta yana nan ko ya tafi. Kusan duk amsarmu ba mu sani ba ce. Da aka duba kwafin ajiyar ma ashe ya daina yin kansa da kansa tun watanni, babu wanda ya lura. Da sabar ta mutu a lokacin, da bashin mutane ya tafi, kuma kin san ɗan kasuwa in littafin bashinsa ya ɓace a hannunki ba manhaja zai zaga ba, gidanku zai zo.

To a nan ne na gane abin da muke biya. Kin ga yadda ake gini, birkila da leburori su ne kullum a wurin, injiniya kuwa sau ɗaya ko biyu yake leƙowa a sati, ya duba rodi ya duba kwaɓin siminti ya ce wannan ginshiƙin a rushe a sake. Ba ya ɗaukar bulo ko ɗaya amma in babu shi ginin na iya ruftowa. CTO na ɗan lokaci haka yake, idonsa da hukuncinsa ake saye. In kin ɗauke shi da tunanin shi zai gina miki manhajar a awa goma a sati, za ki shekara kina jira kuma ku ɓata, don awa goman nan rabi a mitin da amsa saƙonninki za ta tafi.

Abin da ya fi yi mana amfani da shi shi ne cewa a'a. Muna da jerin abubuwa wajen ashirin da muke so a sa, har da ba da rance da walat da za a riƙa ajiye kuɗin mutane a ciki, ya ce ku tsaya, da zarar kun fara riƙe kuɗin jama'a kun shiga hurumin CBN, maganar lasisi ce ba maganar kod ba, ku jona da Paystack ko Flutterwave su karɓa muku kuɗi ku yi abin da ya kawo ku. Ya soke kusan duka ya bar uku. Ya kuma dage sai manhajar ta yi aiki ko babu netwok, ta ajiye a waya in netwok ya dawo ta tura, saboda ya je cikin Singa da ƙafarsa ya ga yadda sabis ke ɗaukewa a cikin lunguna, kuma ya ga irin wayoyin da yaran shago ke riƙewa, ƙananan Tecno da itel ne masu ƙaramin memori. Akwai kuma matsalar da ta daɗe tana ba mu ciwon kai, wasu in sun yi rajista lambar tabbatarwa ba ta zuwa musu ta tes, muna ta zargin netwok, shi kallo ɗaya ya yi ya ce layukansu na kan DND ne, wannan da ake tura STOP zuwa 2442 don a daina samun saƙon talla, mu kuma ta hanyar saƙon talla muke turawa. Aka canja hanya magana ta ƙare. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, wannan karin maganar a nan na ga zahirinta.

Sai maganar dala, wadda ke ma za ta same ki. Kuɗin saba da dala ake lissafa shi. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawa suka rufe gaba ɗaya, dole muka koma sayen dala a farashin 'yan canji na Wapa. Da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata farashi a Yunin 2023, zuwa farkon 2024 dala ta wuce naira 1,500, bil ɗinmu a naira ya ninka alhali kwastoma bai ƙaru ba. Shi ya zauna ya kashe abubuwan da ke kunne ba a amfani da su, ya mayar da mu ƙaramar saba, ya sa ƙararrawa da za ta turo mana imel in kuɗi ya wuce wani adadi. Aikin wuni ɗaya ne, amma sai wanda ya san inda zai duba. Haka da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023 ɗin, shi ya fara ce mana lambobin waya da sunayen masu bashi da muke tarawa amana ce da doka ke tambaya a kai, a rage masu iya ganinsu.

Yanzu inda abin ke ciwo, don kar in yi ta yabo kawai. Mutumin nan ba naki ba ne, aro kika yi. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kowa ya koma tiransifa, wata ranar Alhamis da rana tsaka abu ya tsaya mana cak, 'yan kasuwa na ta kira, shi kuma can wurin aikinsa su ma wuta ta kama, bai samu duba namu ba sai bayan isha'i. Ban ga laifinsa ba, inda ake ba shi albashin da yake ci da iyali dole shi ne gaba. Naki ma da kika ce a kamfanin biyan kuɗi yake, ki sani ranar da kasuwarki ta fi zafi, jajibirin sallah, su ma ranar ce tasu ta fi zafi. Daga wannan ranar muka yarda da abin da ya daɗe yana faɗa mana, cewa sai mun ɗauki mutum ɗaya na dindindin a ƙarƙashinsa. Shi ya rubuta gwajin, shi ya yi intabiyu, ya zaɓo mana wata yarinya da ta gama bautar ƙasa ba da daɗewa ba, wadda ni da idona da ba zan ɗauke ta ba don ba ta da surutu, ashe ita ce ta fi duk sauran. Duk abin da ta rubuta sai ya duba kafin ya hau. Yanzu ita ke riƙe da komai, shi sai sau ɗaya a wata muke kiransa.

Kashi 10 kuwa Hajiya, a ganina ya yi yawa sosai ga mai awa goma kuma ana biyansa. Wannan rabon wanda ya bar aikinsa ya zo kuka ci kwakwa tare ne. Mu abin da muka ba namu bai kai kashi 2 ba, kuma ba a rana ɗaya ya mallake shi ba. Tsarin da aka saba a harkar shi ne hannun jarin ya riƙa zama nasa a hankali cikin shekara 4, in mutum ya tafi kafin shekara ɗaya ba ya samun komai. Ki sa lauya ya rubuta wannan, kar ki yarda da mun yi magana ai, ko da ɗan uwanki ne, musamman ma in ɗan uwanki ne. A cikin takardar a rubuta cewa duk kod da zanen da aka yi mallakin kamfaninki ne. Ki kuma tambaye shi kai tsaye ko kwantiraginsa na can ya yarda ya yi aikin gefe, don wasu kamfanonin suna rubuta cewa abin da ma'aikaci ya ƙirƙira, balle da laftof ɗin ofis, nasu ne. Ki fara da wata uku na gwaji da kuɗi kawai, a naira, maganar hannun jari ta biyo baya. Kuma tun ranar farko duk wani akawun da imel ɗin kamfani za a buɗe shi, lambar wayarki ce a kai, ke za ki ba shi izinin shiga ba shi zai ba ki ba.

Wani cikin waɗanda suka amsa miki ya ce ki nemi abokin kafa kamfani, ki duba Paystack ai da abokin kafawa suka fara har kamfanin Stripe na Amurka ya saye su a 2020. Gaskiya ne, amma su biyun duk kwamfuta suka karanta, kuma abin da suke sayarwa fasahar ce kanta. Ke atamfa kike sayarwa, ƙarfinki sanin kaya da amanar da kwastomomi suka ba ki. In kin samu abokin kafawa na ƙwarai alhamdulillah, amma kar ki ɗauko wanda kika sani sati biyu ki ba shi rabin kamfani don kawai ya iya kod.

Ga gwajin da zan ba ki kafin ki sa hannu. Ki ce masa ya zo Kano ya wuni da ke a Kwari, ya ga yadda ake ciniki, yadda kwastoma ke cewa a turo mata bidiyon leshin a cikin rana don ta ga ainihin kalar, yadda ake kai kaya tasha a ba direba. Bayan nan ki tambaye shi me zai fara ginawa. In ya fara lissafo miki manhajar Android da ta iPhone da shafin dillalai duk a tashi ɗaya, ki yi masa godiya. In kuwa ya ce Hajiya wata shidan farko ba kya buƙatar manhaja, a gyara katalog ɗin WhatsApp Business, a sa hanyar biyan kuɗi, a samu wuri ɗaya da ake rubuta oda da kayan da suka rage, a jawo 'yan kasuwa biyar a gwada da su a ga ko za su riƙa sa hotunan kayansu da kansu ba sai an bi su ba, to wannan ki riƙe shi, don ya faɗa miki abin da zai rage masa kuɗin shiga ne.

Abu ɗaya da ban gani a tambayarki ba, wa zai yi ainihin rubutun kod ɗin, shi ne ko akwai wani a ƙasa? Ki faɗa mana wannan da kuma wata nawa jarin zai iya ɗaukar albashin mutum biyu, sai in ƙara miki bayani kan yadda muka raba namu.