Ruwa ake kallo kafin a kalli shaho

Ka ce kwana uku kana bakin teku kana dakon shahon nan mai kamun kifi, ko hoto ɗaya na kirki ba ka samu ba, kana tambaya me yake ci, yaushe kuma yake farauta. Kai yaro, saitin kyamara dai ba zan tsaya koya maka ba, wannan kowa ya sani.

Abincinsa kifi ne, kusan kashi 99 cikin 100. Yakan tsaya wuri guda a sama, mita 10 zuwa 40, yana kaɗa fukafukai, ya fuskanci iska, sannan ya sulmiyo da ƙafafu a gaba. Nutsonsa ba ya wuce mita 1, shi ya sa yake son ruwa garau marar zurfi, irin na inda kogi ke shiga teku. Ka ba iska baya, za ka samu fuskarsa.

Tambayar nan taka ta fama mini tsohon miki. Wani mutum ya taɓa ba ni aikin hoton tsuntsun nan. Kwana tara ina cikin laka har gwiwa. Ran na tara shahon ya faɗa ruwa a gabana, ya taso da kifi, yatsu biyu gaba biyu baya, ya juya kan kifin ya kalli gaba, ya girgije jikinsa a sama, ruwa na tartsatsi. Na ɗauka! Idona na kansa, ashe teku ta fara cikowa. Igiyar ruwa guda ta daki ƙafar kyamara, ta kife cikin ruwan gishiri. Kyamarar ba ta sake tashi ba, katin ajiyar hotuna ne kawai ya tsira.

Na tura wa mutumin hotunan. Ya ce wai ba su fita sosai ba, ko sisi ba zai biya ba. Bayan 'yan watanni sai ga hotona a bangon wata mujalla, da sunansa a ƙasa. Wallahi har yau in na tuna, abin na tsaya mini a wuya.

Ku yaran yanzu kwana uku kun gaji, ido na kan waya. Je ka nemo jadawalin cikar teku da janyewarta ka haddace na gobe. Kuma kada ka tura wa kowa hoto sai ya sa hannu a takarda.