Atishawa Motar Ke Yi ko Tari?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da tsohuwar mota mai kafireta, ƙirar shekarun 1970. Da na taka totur sai ta yi fat! fat! ta bakin kafireta, inji kuma ya yi ta rawa. Wani makanike ya ce atishawa take yi, wani ya ce tari. Wanne ne daidai? Na farkon ya ƙara da cewa, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Me ya haɗa ƙadangare da mota?

Amsa: Barka kadai, Malam. Duka biyun Hausa ce mai kyau. Bahaushe ya saba ara wa na'ura halin mai rai: mota na shan mai, tana mutuwa, ana tayar da ita. Amma a ganina na farkon ya fi dacewa da abin da ka kwatanta.

Atishawa iska ce da ke fitowa da ƙarfi farat ɗaya, ta kafar da aka saba shaƙa. To kafireta nan ne inji ke shaƙar iska ya gauraya ta da fetur, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai idan aka auna da nauyi. In mai ya yi kaɗan, haɗin ba ya cin wuta da sauri. Yana nan yana ci a hankali har bawul ɗin shiga, wato ƙofar da haɗin ke bi ya shiga silinda inda yake ƙonewa, ya sake buɗewa, sai wutar ta bi baya ta fashe a kafireta. Wannan ce atishawar.

Tari kuwa maimaituwa gare shi, daga ciki yake tasowa. Ya fi dacewa da rawar da ka ce inji na yi, wato silinda ɗaya na tsallake wuta. In ƙarar ta salansa take fita, tau! kamar bindiga, ni harbi zan kira shi: ɗanyen mai ne ya tsere bai ƙone ba, ya je ya kama wuta a can.

Karin maganar kuma asalinta kan zaman jama'a ne. Magabci ba ya samun kan 'yan gida sai sun yi ɓaraka a tsakaninsu. Makaniken naka mai azanci ne, domin ɓarauniyar iska yake nufi. Robar da ta tsufa ta tsage, ko gasket ɗin gindin kafireta, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗarta da inji, da ya saki, nan iska ke kutsawa ba tare da an auna ta ba, mai ya kasa.

Sai dai kada a ɗora wa kafireta laifin duka, abin nan da ake cewa laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwa, kowa da nasa. Matsalar wutar fulogi ma na jawo atishawa. A fara duba taimin, wato lokacin da wuta ke tashi, da kwantak mai yanke wuta da haɗa ta, da murfin distiributa mai raba wa fulogi wuta ko ya tsage. A bi wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya, musamman in an taɓa su kwanan nan. Wajen jerin tashin wuta a silinda, yawancin injuna masu silinda huɗu 1-3-4-2 suke bi, amma Volkswagen Beetle 1-4-3-2 ce, kuma musanya waya biyu kaɗai ya isa ya sa wuta ta tashi bawul na buɗe. Fulogi ma na ba da labari: fari fat, mai ya yi kaɗan, baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa.

Tunda ka ce sai ka taka totur take yi, ka sa a duba ɗan famfon cikin kafireta da ke tsarto mai a lokacin. A kashe inji, a cire matatar iska, a motsa totur a ga ko mai na fita tsiri. Amma inji na aiki kada kowa ya leƙa da fuskarsa, don atishawar nan da harshen wuta take zuwa.