Mai zayyana kayan masana'antu zai samu gurbi a finafinan kimiyya?

Tambaya: Malam, ina karatun zayyana kayan masana'antu, irin su motoci da kujeru da na'urorin gida, amma hankalina yana kan finafinan ƙagaggun labaran kimiyya. Karatun nan zai kai ni can, ko ɓata lokaci nake yi?

Amsa: Ba ɓata lokaci kake yi ba, ɗan'uwa. Wannan hanyar Syd Mead ya bi. Ba'amurke ne, an haife shi a 1933, ya gama makarantar zayyana ta Art Center a 1959, lokacin tana Los Angeles, kamfanin Ford ya ɗauke shi zanen motocin gobe. Bayan shekara 2 ya bar su, ya riƙa yi wa kamfanoni irin su U.S. Steel da Philips zane. Sai da ya kai wajen shekara 45 kafin ya sa hannu a fim.

A fim ɗin Blade Runner na 1982, darakta Ridley Scott motoci kawai ya nema a wurinsa. Amma Mead ba ya barin mota ita kaɗai a farar takarda. Sai ya ɗora ta a kan jiƙaƙƙen titi, fitilu na walƙiya a jikinta, gine-gine a bayanta. Da Scott ya gani, sai ya ƙara masa da titunan birnin.

Abin da ya sa ake neman irinku shi ne, kun saba tambayar yadda abu zai yi aiki. Ƙofar nan ta yaya za ta buɗe? Direba ta ina zai zura ƙafa? Zafin inji ta ina zai fita? Mai kallo ba zai tsaya yin lissafin nan ba, amma idonsa na gane abin da ba zai taɓa motsi ba. Kuma a fim ɗin ma ƙerawa ake yi: motocin Mead, Gene Winfield ne ya ƙera su, ɗan wasa ya shiga ya zauna, kyamara ta samu wurin tsayawa.

Sai dai ka sani, aikin kwangila ne, yau akwai gobe babu, kuma yawancin zanenka ba zai kai allo ba. Wannan yana da ciwo, ba na ɓoye maka.

Ka gama karatunka. Ka riƙe fensir kullum, ka koyi Blender, manhajar zana siffofin abubuwa a kwamfuta, sannan ka zaɓi abu guda, ko da hular ɗan sama jannati ce, ka zana ta gaba da baya da ciki, har da wurin da fenti ya goge saboda yawan kamawa. Irin wannan zanen mai tsara fasalin fim yake tsayawa ya duba.