Man kwakwa a tukunyar mai hawan jini

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Maigidana yana da hawan jini, shekara uku ke nan yana shan magani. Maƙwabciyata ta ce in bar man gyaɗa in koma girki da man kwakwa, wai yana wanke jijiyoyi har mutum ya rabu da ƙwayar asibiti. Yanzu ma ya fara tsallake maganin, hankalina ya ƙi kwanciya. Gaskiya ne? Kuma yaya ake girki da kwakwa? Uwargida daga Marwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, ki lallaɓa shi ya koma kan maganinsa yau ɗin nan.

Girkin ba wuya. Kwakwar da muke saye a nan arewacin Kamaru daga bakin teku take zuwa, wajajen Kiribi da Duwala, ta sha doguwar tafiya, don haka ki girgiza ta tukuna. In ba ki ji motsin ruwa ba, ko kin ga danshi a idanunta uku, ki ajiye musu abinsu. Ki goge farin naman, ki zuba ruwan ɗumi ki matse a kyalle mai tsabta. Matsar farko mai kauri ce, a ƙarshen girki ake zuba ta a rage wuta, in ba haka ba ta tsinke. Matsa ta biyu ita ake dafa shinkafa da ita. Madarar nan ba ta jure zafinmu na watan Afrilu, wadda aka matse da safe kada ta kai la'asar a waje. Dusar kuwa a soya ta sama-sama a yi wa yara kwakumeti.

Sai maganar maƙwabciyarki, wadda nake ji kusan kullum har na gaji. Mai ciwo zai zo ƙafa a kumbure, ka tambaye shi maganinsa, ya zaro maka kwalbar man kwakwa da aka tallata masa a WhatsApp, cokali biyu safe da yamma. Wanda ya sayar masa ko na'urar awon jini bai taɓa riƙewa ba, amma shi ne likita.

Ki lura da kwalbar man kwakwa da asubahin hunturu: ya daskare fari fat, alhali man gyaɗa na nan yana gudu. Kitse mai daskarewa ne ya yi wa man kwakwa yawa, ya haura kashi 80 cikin 100. Man shanu da kowa ke tsoro yana wajen kashi 60 ne, man gyaɗa bai kai 20 ba. Irin wannan kitsen shi ke ƙara mugun kwalastarol a jini, wato kitsen da ke toshe jijiyoyi, shi ya sa a 2017 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a guji man kwakwa. To ta yaya abin da ke ƙara kitsen jini zai wanke jijiya? Hawan jini kuma ba ya sallama. Mutum na jin garau, ya bar magani wata biyu, rannan a wayi gari baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Masu talla ba za su zo jinya ba, ke ce za ki kwana a ƙasan gadon asibiti.

Ruwan kwakwa ma ana yi masa irin wannan kirari. Yana da sinadarin potasiyam da yawa, wanda kan taru a jinin mai raunin ƙoda, wasu magungunan hawan jinin ma suna ƙara shi. Kada maigidanki ya mai da ruwan kwakwa abin shan kullum sai likitansa ya amince.

Ki ci gaba da man gyaɗarki ko man auduga, ki rage gishiri da dunƙule a miya. Shinkafar kwakwa ta zama ta ranar Juma'a ko ranar baƙi. Cikin makon nan ki raka Alhaji a auna masa jini, ku tafi da kwalbar man a nuna wa likita.