Na'urar Duba Mota: In Saya Ko In Haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota da ke Kumasi a Ghana, ina zaune a Aboabo. Shekara 19 ina wannan sana'a, da kunne nake gane ciwon inji. Yanzu masu sababbin motoci suna wuce ni, su tafi wurin yara masu kwamfuta. Na tara ɗan kuɗi. In sayi na'urar duba mota ne, ko in ƙara kayan aikin da na sani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Maigida. Ka saya, kada ka jinkirta.

Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa ƙananan motocin da ake sayarwa can su zo da OBD-II, wato 'yar kafar nan mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura. Da yawa daga cikin motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema kuwa daga can suke zuwa. Motoci masu kafireta sai raguwa suke yi, aikinsu ma haka.

Amma ka kwantar da hankalinka, na'urar ba ta gyara. Lamba kawai take nunawa. Idan ta rubuta P0171, nufinta iska ta fi mai yawa a cikin inji. Ba za ta ce maka tiyo ne ya tsage, ko famfon mai ne ya gaji, ko datti ne ya rufe sensa ba. Na sha ganin an sa mai mota ya sayi sabuwar sensa mai tsada, ashe tsagar tiyo ce da kai za ka ji fitonta tun kafin ka sunkuya. Abin yana yi mini ciwo, domin masu irin kunnenka suna zaune babu aiki.

Ƙaramar na'ura ELM327 da ake haɗawa da waya tana da araha, ta isa koyo, sai dai galibi inji kaɗai take karantawa. Don sana'a nemi matsakaiciya, irin Launch ko Autel, mai shiga birki da giya. Kafin ka biya, a gwada ta a kan mota uku a gabanka, ka kuma tambayi kuɗin sabunta manhajarta bayan na kyauta ya ƙare.

Motoci masu batir irin Prius kuma, don Allah kada ka taɓa wayoyinsu masu ruwan lemo sai ka koya. Wutarsu tana kisa.

In Turancin allon ne ke tsorata ka, ɗauki yaron shagonka ɗaya da ya yi makaranta ya riƙa karanta maka, kai kuma kana nuna masa inda zai sa hannu.