Zuriyar Jan van Riebeeck ba ta zauna a Kef ba

Malam, ka tambaya ko daga tsatson Jan van Riebeeck Turawan Afirka ta Kudu suka fito. A gaskiya iyalinsa ba su ci gaba da zama can ba. Ya sauka a Kef, inda birnin Cape Town yake a yau, a 1652 domin kafa zangon da jiragen kamfanin Holan za su riƙa ɗibar ruwa, nama da ganyaye, kuma shekara goma kacal ya yi. Matarsa Maria ta rasu a Malaka, cikin ƙasar Malesiya ta yau, a 1664, shi kuma a Jakarta ta yau a 1677. Waɗanda suka kafu su ne ma'aikatan da ya sallama a 1657, ya yanka musu gonaki a makiyayar Khoikhoi 'yan asalin yankin, zaluncin da ba kasafai ake ambatonsa ba.