Amsa kan yadda Robert Morris ya ƙare a kurkuku

Malam, ka tambayi yadda aka yi attajirin da ya tallafi yaƙin neman 'yancin Amurka da dukiyarsa ya ƙare a kurkuku saboda bashi. An haifi Robert Morris a Ingila a shekarar 1734, amma a birnin Filadelfiya na Amurka ya koyi fatauci a hannun wani ɗan kasuwa, Charles Willing, har ya zama abokin cinikin Thomas, ɗan Willing. Jiragensu na ruwa sun yi safarar fulawa da taba, har da bayi, kuma wannan tabo ne da bai kamata a rufe ba.

Daga 1781 zuwa 1784 shi ke riƙe da baitulmalin ƙasar, a lokacin da kuɗin gwamnati ya zube warwas, sai ya riƙa fitar da takardun biya da sa hannunsa, jama'a na karɓa don sun yarda da shi. Daga baya ya wakilci Pennsylvania a Majalisar Dattawa daga 1789 zuwa 1795.

Abin da ya karya shi shi ne sayen filaye masu ɗimbin yawa da rance, masu sayen da ya sa rai da su kuwa ba su zo ba. A 1798 aka tsare shi a kurkukun titin Prune, inda George Washington, shugaban Amurka na farko, ya kai masa ziyara; Morris bai fito ba sai 1801.